Gyaran Zauren Fasaha na Unguwa: Alhaji, Kada Ka Taɓa Uwar Kuɗinka

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Wunti da ke Bauchi ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Malam. A unguwarmu akwai tsohon zauren taro da iyayenmu suka gina da aikin gayya. Muna yara a nan muke kallon wasan kwaikwayo. Yanzu rufin ya mutu, awaki ke kwana a ciki. Matasa sun same ni suna so a gyara shi ya zama wurin koyon ɗinkin hula, rini, zayyana da wasan kwaikwayo. Magini ya ce naira miliyan 9 za ta isa. Ina da miliyan 5 da na ware don sarin kayan Sallah. In zuba ta, in ciwo bashin sauran a banki? An ce mini kuɗin haya zai mayar mini da abina."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Aikin nan ya kwanta mini a rai, domin na ga yadda sana'ar hannu ke rufa wa yaro asiri, na kuma ga yadda unguwa ke lalacewa idan matasanta ba su da wurin taruwa sai bakin titi. Amma game da miliyan 5 ɗin nan, amsata a'a ce.

Kuɗin nan uwa ce. Ita za ta je Kantin Kwari ta dawo da diloli, ta juya kafin Sallah, ta ciyar da gidanka da yaran shagonka. Ranar da ka mayar da ita kwano da siminti ta daina haihuwa. Kakar Sallah za ta wuce ka, masu sarinka na ƙauye su koma shagon maƙwabci, kuma ba lalle su dawo ba. Wanda ya ce haya za ta mayar maka da kuɗinka, tambaye shi a shekara nawa. Irin wannan wuri idan ya iya ci da kansa ma ya yi ƙoƙari. Don haka abin da za ka bayar, ka cire shi daga riba bayan Sallah, gwargwadon abin da idan ya tafi shago ba zai girgiza ba, kuma ka bayar ba ka jiran ya dawo. Kada ya zama daga zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta fayyace kashi takwas na masu karɓarta, kuma yawancin malamai ba sa ganin a sa ta a gini. Wannan babin sadaka ne ko wakafi, sai ka zauna da malaminka a kai.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, akwai tambayar da ban gani a saƙonka ba: filin na wane ne? Na taɓa zama da wasu matasa da suka gyara irin wannan wuri da abin da suka daɗe suna tarawa. Fenti bai gama bushewa ba magada suka zo da takardar da ke nuna aron filin kakansu ya bayar, ba kyauta ba. Har yau ina jin zafin abin. Ku je wurin mai unguwa da dattawan da suka ga ginin da idonsu, a rubuta abin da suka sani tun suna raye, sannan a bincika a ma'aikatar filaye, tunda dokar filaye ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamnan jiha. Idan na wani gida ne ko na ƙaramar hukuma, a nemi yarjejeniya a rubuce ta shekaru masu yawa, da hannun lauya.

Sai kuma wanda zai riƙe amanar. Ku yi wa ƙungiyar rajistar amintattu a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Za a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana a raba wa 'yan irin wannan ƙungiya ribar da ta samu, wanda ya ƙara nuna maka cewa ba wurin zuba jari ba ne. Da takardar za ku buɗe asusun banki da sunan cibiyar, mutum biyu cikin uku su riƙa sa hannu. Banki kan nemi takardar SCUML, wani sashe na EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, sai ku shirya mata. Kuɗin jama'a kada ya kwana a asusunka ko na dare ɗaya, Alhaji. Mutuncinka nake tsare maka.

Miliyan 9 da magini ya faɗa kuma, da baki ya faɗa ko a rubuce? Ɗauki kafinta wanda ba ya neman aikin, ku shiga zauren da rana tsaka. Ɗaga kai: duk inda ka ga haske na ɗigowa ta kwano kamar taurari, nan ruwa ke shiga. Sa shi ya hau tsani ya danna sukundireba a jikin katakon rufin. Idan ta shige kamar a cikin burodi, garin katako ya zubo, gara ta gama da shi, sabon kwano a kansa asara ce. Dubi gindin bango ko filasta na ɓarewa da farin gishiri, alamar danshi ke nan daga ƙasa. A rubuta komai: bandir nawa na kwano, buhu nawa na siminti, tifa nawa ta yashi, kuɗin aiki daban. Ku sayi kayan da kanku, a yi jinga a kan aikin hannu kawai, a biya kashi-kashi. Rufi ne farko, kuma a gama shi kafin ruwan Mayu ya sauka. Sai ƙofofi da tagogi, sai banɗaki na maza da na mata, sai waya. Fenti da dandamalin wasa su jira.

Yanzu ga inda irin waɗannan wurare ke mutuwa. Gyara sau ɗaya ake yi, kuma mutane na son bayarwa don abin da ido zai gani. Amma bayan an yanka zare kowa ya watse, mai gadi zai zo ƙarshen wata. Mai shara zai zo. Takardar wutar JED za ta zo, ga man janareto, ga ruwan rini da masu kura za su kawo, ga alawus na malamin zayyana da uwar ɗakin masu ɗinkin hula, waɗanda ba za su bar neman abincinsu su zo koyarwa kyauta har abada ba. Mu ƙaddara duka ya kama naira 150,000 a wata. A shekara miliyan 1 da dubu 800 ke nan, kuma ba ranar da zai tsaya. Idan ba ku san inda wannan zai riƙa fitowa ba, bayan shekara uku awakin za su dawo, sai dai su sami sabon rufi.

Shi ya sa nake so ginin ya zo da abincinsa. Idan zauren na bakin hanya, a fitar da shaguna biyu ko uku a gabansa, da izinin hukumar tsara birane. Hayarsu ta shekara ita ce albashin mai gadi da mai shara, ko an yi taro ko ba a yi ba. Zauren kansa a riƙa bayar da shi haya ranakun Asabar da Lahadi don walima, saukar karatu da taron ƙungiyoyi. Idan ana karɓar 30,000, haya biyar ta rufe watan. Sai dai ka fi ni sanin cewa biki na da kaka, yana yawa kafin azumi da bayan Sallah, yana ja baya a wasu watanni, don haka a riƙa ajiye rarar watan daɗi. Kuma a rubuta tun farko cewa ranakun mako na koyo ne, don kada kuɗin biki ya kori yaran da aka yi wurin dominsu. Masu koyo su biya wani abu ko kaɗan ne, marayu a nema musu masu ɗaukar nauyi. Hular da aka ɗinka da zanen da aka rina a sayar, cibiya ta ɗauki kaso. A nan kake da abin da ya fi miliyan 5: ka san masu saye. Rataya hulunan a shagonka, ka nuna wa masu sarinka. Ga ɗaliban jami'ar ATBU, ga baƙin da ke zuwa kabarin Tafawa Ɓalewa ko suke wucewa Yankari, duk masu neman tsaraba ne.

Bashin banki ban yarda da shi ba a wannan mataki. Ko a bankunan da ba ruwa, irin su Jaiz da TAJ, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba, biya na nan a kan lokacinsa, kuma kai za a kama tunda cibiyar ba ta da tarihin samun kuɗi. Shirin da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2019 don masu fim, waƙa da ɗinki shi ma bashi ne.

Ku nemi kayan aiki maimakon tsabar kuɗi. Mai sayar da siminti ya fi sauƙin ba da buhu 20 a kan ya zaro kuɗinsu, mai katako haka, matasan su yi leburanci kamar yadda iyayenku suka yi. 'Yan unguwar da ke Abuja da Legas a riƙa tura musu hoton aiki da rasit duk mako. Idan kun kafa gidauniya, ku yi lissafi da abin da ya shiga asusu kawai, domin alkawarin da aka yi a lasifika ba duka ke zuwa ba.

A wannan makon ka je wurin mai unguwa a kan maganar fili, ka kai kafintan ya duba rufin, sannan ka ce wa matasan su kawo maka lissafin kuɗin wata a rubuce, da inda suke sa ran samunsa. Ka tafi sarinka na Sallah da miliyan 5 ɗinka cif. Idan ka dawo, turo mini takardun ukun, ta fili, ta rufi da ta kuɗin wata, mu duba tare. Allah ya sa albarka a kasuwa.