Zan sayi Switch 2 ta hannu, amma an ce kamfani na iya rufe ta daga nesa

Tambaya: Barista, barka da aiki. Yarona ya hana ni sakat sai na saya masa na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch 2, kuma na samu ta hannu da sauƙin kuɗi a nan Kano. Sai wani abokina ya ce kamfanin na iya kashe ta daga can, ko da na biya kuɗina cif. Doka ta yarda da haka? In saya ko in haƙura?

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya ba. A watan Mayun 2025, gab da fitowar na'urar ranar 5 ga Yuni, Nintendo ya sauya yarjejeniyar masu asusu a Amurka. Ya ce duk wanda ya yi wa manhajarsa kutse, kamfani na da damar hana na'urarsa aiki har abada, gaba ɗayanta ko wani ɓangare. A mahangarsu ƙarfen ne naka, manhajar da ke ciki izinin amfani kawai aka ba ka.

Abin da aka fi gani a zahiri shi ne toshe na'ura daga intanet, musamman wadda aka taɓa saka wa katin kwafin wasanni. Da ka nemi shiga eShop, shagon wasannin Nintendo na intanet, sai lamba 2124-4508 ta fito a fuskarta. Toshewar nan jikin na'urar take bi, don haka sabon asusu ba ya warware ta: wani ya ci, kai ka biya. Abin ya fi ciwo a kan katunan Game-Key Card, waɗanda babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai, sai an sauke wasan daga intanet. Na'urar da aka toshe ba za ta sauke ba.

Kai ƙarar Nintendo kuwa, ban ba ka shawara ba. Kamfanin yana Kyoto a Japan, kuma tunda babu eShop na Najeriya, mutanenmu da yawa Amurka suke cikawa a asusu. Wanda ya yi haka ya amince da sharuɗɗan can, ciki har da kai saɓani gaban mai sasantawa maimakon kotu. Kuɗin lauya kaɗai ya fi kuɗin na'urar.

Wanda hannunka zai kai gare shi shi ne mai shagon. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta wajabta masa ya sanar da kai cewa kayan na hannu ne, ta kuma hana shi ɓoye aibi ko yaudara. Sashe na 132 ya ba ka wata uku ka mayar da kayan da ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba, a gyara, a canza, ko a dawo maka da kuɗinka. Rubutun nan na ƙasan rasit, wai kaya in sun fita ba a dawowa da su, ba ya soke wannan haƙƙi. In ya ƙi, akwai FCCPC, akwai hukumar kare masu saye ta Kano, akwai kotun ƙananan ƙararraki. A kotun shari'ar Musulunci ma, aibin da aka ɓoye hujja ce ta warware ciniki. Sai dai in ya gaya maka an toshe ta, ka karɓa don arha, to ka rufe wa kanka ƙofa.

Ni dai da ni ne, sabuwa zan saya ko da ta fi tsada. In kuwa ta hannun ce aljihu ya iya, kada ka ƙirga kuɗi sai ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka a nan cikin shagon, ka shiga eShop ka ga ya buɗe. A rubuta lambar jikinta da kwanan wata a rasit, tare da cewa ba a toshe take ba. Ka biya ta banki don shaida ta zauna. Yaron kuma ka ja masa kunne kan aron kati daga abokai, domin katin da aka kwafi wasansa ma yana jawo toshewa.