Tambaya da Amsa: Tirenin ɗin sitamina a gem ɗin manajan ƙwallon kwando, riba ne ko ɓata sati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina buga gem ɗin manajan ƙwallon kwando a waya, BuzzerBeater. Matsalata kusan kullum kulob ɗina ne a gaba har kwata ta uku, ana shiga ta huɗu sai yaran su zube, a zo a cinye ni da ɗan maki kaɗan. Abokina yace in ajiye komai in ta basu tirenin ɗin sitamina, wato horon juriya, wani kuma yace ɓata sati ne kawai. Don Allah wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A gaskiya na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma shima bai faɗa maka komai ba, bari in warware maka.

A BuzzerBeater tirenin ɗaya kake da shi a sati, guda ɗaya tak, ranar Juma'a yake shiga. Duk satin da ka zaɓi sitamina to ka haƙura da shutin, ka haƙura da fasin, ka haƙura da difens, babu yaron da zai ƙaru da komai sai numfashi. To nan asarar take, domin yaro ɗan shekara 18 ko 19 shi ne yake ɗaukar tirenin da sauri, yana ƙara shekaru saurin yana raguwa, kuma satin da ya wuce ba ya dawowa. Sitamina kuwa ko ɗan shekara 30 zaka iya ɗaga masa ita, ba gudu take ba. Saboda haka in kana da yara ƙanana masu kyau da kake renon su, kana cire musu sati kana ba sitamina, wallahi kana sayar da abu mai tsada ne ka sayi mai araha.

Ta ɗaya ɓangaren kuma sitamina tana da wani abu da sauran basu da shi. Ita tirenin ɗin kulob gaba ɗaya ce, kamar na jifan fawul, kowa yana samu har wanda ya kwana a benci bai taɓa ƙwallo ba. Sauran tirenin ɗin sai yaro ya buga minti 48 a gurbin da kake horarwa, wato ɗaya daga cikin matsayi biyar na fili, kafin ya samu cikakke. Yi lissafin da kanka: wasa uku ne a sati, lig biyu da kofi ko na sada zumunci ɗaya, kowanne minti 48, kenan gurbi ɗaya yana baka minti 144, mutum uku kawai zai ɗauka. In gurbi biyu kake yi mutum shida. Sitamina kuma mutum goma sha biyu ne ko fiye a lokaci guda. Sannan masu lissafin albashi a gem ɗin sun daɗe da gano cewa sitamina bata shiga lissafin albashin ɗan wasa, wato ka ƙara musu ƙarfi ba tare da kuɗin da kake biya duk sati ya tashi ba. Ga wanda asusun kulob ɗinsa ke fama da rashin kuɗi, wannan ba ƙaramin abu bane.

Amma ni fa kafin ka taɓa tirenin ina so ka buɗe shafin sakamakon wasanka na ƙarshe ka duba layin mintuna. Na kusa rantsewa zaka ga mutum biyar ɗinka na farko kowa 44, 46, 48, 'yan benci kuma 2, 4, wasu ma sifili. In haka ne to matsalarka ba sitamina bace tukuna, rabon mintuna ne. Gurbi biyar sau 48 sau wasa uku minti 720 kenan a sati, in ka raba wa mutum 12 kowa ya tashi da 60, kuma nan ne wajen da ɗan wasa yake zama garau. Kai kuma ƙila ka ɗora wa mutum biyar sama da minti 130 kowanne. Ko Wilt Chamberlain da ya yi matsakaicin minti 48.5 a kowane wasa a kakar NBA ta 1961-62, ai shi kaɗai ne, shi yasa har yau ake labarinsa.

Yanzu ga yadda zan yi da nine kai. Duba sitaminar mutum biyar ɗinka na farko. Gem ɗin yana auna kowace ƙwarewa daga 1 zuwa 20. In kaga 1, 2, 3 a wajen mutanen da kake dogara dasu, to eh, ka basu sati ɗaya ko biyu, domin ɗan wasa mai sitamina 2 yana fara haki tun da wuri kuma duk shutin ɗin da ka sha wahala ka koya masa ba zai fito ba a lokacin da kake buƙata. In kuma suna wajen 5 zuwa 7, ka barsu, abin da zaka ƙara bai kai abin da zaka rasa ba. Daga 2 zuwa 5 zaka ga bambanci da idonka a kwata ta huɗu, daga 7 zuwa 10 kuwa sai ka sa tabarau.

Lokacin yinta ma yana da muhimmanci. Satin da yaran da kake horarwa suka ji ciwo, ko suka fita da fawul basu cika mintunansu ba, ko satin hutu tsakanin kaka da kaka da wasanni suka yi ƙaranci, wannan satin dama ya lalace, to zuba sitamina a ciki. Ba ka yi asarar komai ba.

TAMBAYA: Malam ni kuma daga Maraɗi nake. Sitaminar 'yan wasana ba laifi amma wani abu da aka rubuta Game Shape kullum ƙasa yake yi. Ba abu ɗaya bane?

AMSA: A'a ranka ya daɗe, ba ɗaya bane, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa su je suna maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba. Ɗauke shi kamar batirin waya: sitamina ita ce girman batirin, Game Shape kuma cajin da ka fito dashi daga gida da safe. Babban abin da yake juya Game Shape shine yawan mintunan da yaro ya buga a satin, in sun yi yawa ya sauka, in sun yi kaɗan sosai ma ya sauka, kuma iyakarsa 9. Yana taɓa duk abin da ɗan wasa zai yi tun daga minti na farko, ba sai ya gaji ba. Ɗan wasa mai tsada da Game Shape ɗinsa ya faɗi zuwa 5 ko 6, wani matsakaici mai 9 zai iya wulaƙanta shi a fili.

Maganin kyauta ne. Wasan sada zumunci ko wasan kofi da ka san ka fi ƙarfin abokin karawar, zuba 'yan benci, manyan su huta. Akwai tirenin ɗin Game Shape shima amma ni bana kashe sati a kansa sai in wasan fidda gwani ya matso kuma ba ni da yaron da nake horarwa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni salon Run and Gun nake bugawa da Full Court Press saboda ina son maki da yawa. Shin nima in share sitamina?

AMSA: To kai naka daban ne. Ka zaɓi salon gudu a gaba, ka kuma zaɓi difens ɗin da ya fi kowanne cin numfashi, wato bin mutum tun daga ƙarƙashin kwandonsa har naka. Ba zaka yi wannan da mutum shida masu sitamina 3 ka ce zaka kai ƙarshe ba. Ko dai ka ɗaga sitaminar, ko ka samu benci mai zurfi mutum tara ko goma da zasu iya shiga ba a ji kunya ba, ko ka sauka ka koma salo mai natsuwa irin Patient. Kuma duba umarnin da ka ba koci, in ka ce ya bi jerin sunayenka sak ba tare da ka sa kowa a matsayin mai canji ba, to ko yaro yana jan ƙafa haka zai barshi a ciki. Masu horar da yara suna yin haka da gangan don yaro ya cika 48 ɗinsa, amma a wasan da kake neman nasara ka sa masa mai canji.

In zaka sayi ɗan wasa a kasuwa ma ka riƙa kallon sitaminarsa kafin ka taya. Biyu masu ƙwarewa kusan ɗaya, mai 7 da mai 2, ƙara ɗan kuɗi ka ɗauki mai 7, ka huta da kashe sati saboda mutum ɗaya.

TAMBAYA: Wannan gem ɗin yana cin data sosai? Wayata ƙarama ce. Kuma a wani gem ɗin manajan, Basketball GM, ban ga wajen tirenin ɗin sitamina ba.

AMSA: Baya ci, yawancinsa rubutu ne da lambobi a burauza, bidiyo ɗaya na TikTok zai iya fin shirya wasanka na sati cin data. Ka shirya jerin 'yan wasa da salo tun kafin lokaci ka kashe data, wasan zai buga kansa a sabarsu ko kana barci. Shi kuma Basketball GM tsarinsa daban, akwai ma'aunin juriya a jikin kowane ɗan wasa amma ba kai kake zaɓar abin da za'a koya masa ba, gem ɗin ne yake ɗagawa ko saukewa duk shekara gwargwadon shekarunsa da kuɗin da ka zuba wa koci. Abin da ke hannunka a can shine rabon mintuna da wanda ka saya. Sai dai ka kula, shi a cikin burauzar wayarka yake ajiye lig ɗinka, in ka goge bayanan burauza don neman fili lig ɗin ya tafi, don haka ka riƙa fitar da kwafinsa kana ajiyewa a wani wuri kafin ka yi shara.