Na sarauta ko na aljanu? Amsa ga mai tambaya kan finafinan Koriya

Salam 'yar uwa. Kin ce kin gama Jumong da Dong Yi, ƙawayenki kuma sun dame ki wai ki bar na sarakunan nan haka ki koma irin su Goblin da Hotel del Luna, shine kike tambaya wanne yafi kuma meye matsalar kowanne kafin ki ƙona datarki a banza. Toh ni dai na daɗe a harkar nan tun zamanin da ake sayen su a faifan CD, sizin wan sizin tu, ana tsaka da yaƙi faifan ya maƙale, don haka bari in faɗa miki abinda na gani. Amma ki sani zan fasa ƙwai a wurare da yawa, in ba kya son jin ƙarshen labari ki dinga tsallakewa.

Ni a wajena dukansu abu ɗaya ne yake ɗaga su kuma shi yake kada su, wato doka. Na tarihi dokar fada ce da abinda ya faru da gaske suke ɗaure marubuci, na aljanu kuma shi marubucin ne yake kafa dokarsa da kansa a farkon fim. Duk wanda ya riƙe dokar nan har ƙarshe ko da za ta kashe jarumi, fim ɗin yana zama a zuciya. Wanda kuwa tausayin masoya ya kama shi ya karya ta, nan za ki ji kamar an raina miki hankali.

Bari in fara da na sarauta tunda su kika sani. Daɗinsu shine babu abinda ake samu a ɓagas. Baiwa ba ta isa ta ɗaga ido ta kalli sarki ba, shi kansa sarkin fadawa sun fi ƙarfinsa, za ki ga sun jeru a tsakar fada sun zube gwiwa biyu suna ta maimaita roƙo ɗaya da murya ɗaya har sai ya janye maganarsa, kuma kalma ɗaya da aka faɗa a kashi na 10 ita za ta sa a miƙo wa mutum kwanon guba a kashi na 40. Wannan haƙurin gina labari ban ga inda ya kai su ba. Ki tuna Jang Hui-bin a Dong Yi ɗin da kika gama, matar nan da gaske aka yi ta, kuma da gaske a 1701 Sarki Sukjong ya yanke mata hukuncin mutuwa bisa zargin ta yi wa Sarauniya Inhyeon asiri. Kishi ne zalla amma kishin da yake haɗe da jam'iyyun fada, kowace mace da manyan da suke bayanta, faɗuwarta faɗuwarsu.

Abinda zai ƙara miki daɗi ma shine in kin gane finafinan nan a sarƙe suke da juna. Kin ga yaron nan Geum ɗan Dong Yi mai wayo da kowa yake so? Shine ya zama Sarki Yeongjo, kuma shine a 1762 ya sa aka kulle ɗansa na cikinsa Yarima Sado a cikin akwatin zuba shinkafa, kwana takwas yana ciki har ya mutu. Ɗan shi Sado ɗin, wanda yana yaro abin ya faru, shine Sarki Jeongjo na fim ɗin The Red Sleeve da tashar MBC suka yi a 2021, kashi 17 ne kawai. In za ki ji shawarata shi za ki sauke gaba. Yarinyar da yake so, Deok-im, ma'aikaciyar fada ce kuma a tarihi sau biyu tana ƙin tayinsa, a fim ɗin kuma dalilinta shine ta san ranar da ta amsa ta rabu kenan da ƙawayenta da ɗan 'yancin da take da shi na fita. Da ta amsa ɗin ma, ɗansu ya mutu da ƙyanda a 1786, ita ma ta bi shi a shekarar da ciki a jikinta, kuma masu fim ɗin basu canza wannan don su faranta mana ba. Akwai inda tana gadon mutuwa take roƙonsa in sun haɗu a wata rayuwar ya wuce ta kawai kamar bai santa ba, wlh na jima ban ga abinda ya tsaya min a rai haka ba, kuma fa ba wani kiɗa mai yawa ko ihu, magana ce a hankali.

Matsalarsu ta farko kuwa kin riga kin ɗanɗana, tsawo. Jumong kashi 60 aka tsara, da aka ga mutane sun kamu sai aka ja shi zuwa 81, shi yasa daga tsakiya za ki ga abokin gabarsa Daeso ya ɗana tarko Jumong ya tsallake, ya sake ɗanawa ya sake tsallakewa, ana ta zaman shawara a tebur ɗaya ana maimaita abinda muka gani da idonmu. Dalili shine a lokacin ana haskawa ne ana ɗauka, kashi biyu duk sati, marubuci yana kallon yawan masu kallo yana ƙara ruwa. Sannan yaƙin da aka ce za'a kafa daular Goguryeo da shi sai ki ga mutane 'yan tsiraru suna zagaye a fili ɗaya. Queen Seondeok na 2009 ma haka, daga 50 aka mai da shi 62, alhali Mishil, abokiyar gabar sarauniyar, ce take riƙe da fim ɗin, matar da in ta ɗaga gira ɗaya sai kin ji tsoro, tana mutuwa a kashi na 50 sauran sha biyun sai ka rasa me kake kallo, aka koma soyayyar Bidam da sarauniya.

Nan ne matsala ta biyu take, kuma ita tafi damuna don naga mutane suna musu da ita kamar sun karanta a littafi. Bidam a tarihi tawaye ya yi wa Seondeok a 647, babu wata soyayya da aka rubuta, tashin Seondeok a hamada da shigar maza da ta yi duk ƙirƙira ne, ita kanta Mishil a wani rubutu ɗaya sunanta ya fito wanda masana har yau suna jayayya kan ingancinsa. Jang Geum ta fim ɗin Dae Jang Geum na 2003 da gaske likitar Sarki Jungjong ce, amma a wurare kaɗan aka ambace ta, duk labarin girkin fada da gasar abincin nan marubuci ne ya ɗora. Empress Ki kuwa tun kafin a fara haska shi a 2013 'yan Koriya suka yi caa, don sarkin da aka so a mayar jarumin soyayya, Chunghye, mutumin banza ne a tarihi, dole aka sauya shi da wani na ƙirƙira mai suna Wang Yu. Ban ce kar a ƙara gishiri ba, fim ne ai, amma ki dinga rarrabewa.

Kuma su can basa wasa da wannan. Suna da kundin tarihin daular Joseon da aka rubuta na sarakuna 25, daga 1392 zuwa 1863, wanda ko sarki ba'a yarda ya karanta abinda aka rubuta a kansa ba. A 1404 Sarki Taejong ya faɗo daga doki wajen farauta, ya ce kar a bari marubucin tarihi ya sani, shi kuma marubucin ya rubuta faɗuwar ya kuma rubuta cewa sarki ya ce kar a faɗa masa, kin ji fa. Mutanen da suke da irin wannan ne tashar SBS suka kawo wa Joseon Exorcist a 2021, aka nuna Taejong ɗin nan yana karkashe talakawa saboda gane-gane, ga kayan abincin Chaina a kan tebur a ƙasar Joseon. Kashi biyu kawai aka haska, masu talla suka janye, aka soke shi gaba ɗaya.

Toh na aljanu da fatalwa. Gaskiya a kyan hoto da kiɗa da sutura sun yi wa tsofaffin na sarauta nisa, kuma yawancinsu kashi 16 ne, ba za ki tsufa a kai ba. Inda suka fi ƙarfi a wajena ba soyayyar bace, yadda suke taɓa mutuwa da rabuwa ne. A Goblin na 2016 akwai ɗakin shayin mai ɗaukar rai, duk wanda ya mutu nan zai zauna a bashi shayin mantuwa kafin ya wuce, to akwai wani makaho da ya zo, da aka buɗe masa ƙofa sai ga karensa da yake masa jagora a duniya, wanda ya riga shi mutuwa, yana zaune yana jiransa. Minti nawa ne duka, amma yafi min rabin soyayyar fim ɗin. Hotel del Luna ma ƙananan labaran fatalwan da suke sauka a otal ɗin su ne naman, kayan da jarumar IU take sauyawa kuma kyauta ce aka ƙara mana.

Amma ki duba abinda Goblin ya yi da dokarsa. Tun kashi na farko an ce mana jarumin Kim Shin ya shekara 939 da takobi a ƙirji, amaryarsa ce kaɗai za ta iya zare shi, kuma ana zarewa ya ɓace kenan. Muka yarda, muka yi ta fargaba, a kashi na 13 aka zare ya zama toka muka sha kuka. Sai ga shi bayan shekara tara ya dawo, ita ta mutu, ita ma ta sake dawowa ta same shi a Kanada. To kukan da na yi na meye? Alchemy of Souls ma haka, sizin farko mai kashi 20 an kafa doka mai kyau cewa duk wanda ya sauya ruhi zuwa jikin wani ƙarshensa ya haukace ya zama dutse, sai a kashi 10 na sizin biyu aka nemo hanyar da jarumar za ta tsira, har fuskarta aka canza aka kawo wata 'yar wasan. Hotel del Luna ne ya ɗan yi ta maza ya bar jarumarsa Man-wol ta haye gadar lahira ta tafi. Sannan a Goblin ɗin yarinyar 'yar sakandare ce da kayan makaranta, shi kuma babban mutum, ni dai abin bai kwanta min ba duk da an yi ta kewaye-kewaye. Ga talla, ana maganar mutuwa da rayuwa sai ki ga an shiga Subway ana cin sanwici ana nuna tambarin da kyau, na sarauta ko ba komai sun huta da wannan.

Sai maganar aƙida, don nasan wani zai tayar da ita. Labaran nan a kan imanin mutanen can aka gina su, cewa mutum yana mutuwa ya dawo a wani jikin, da alloli iri-iri, da dila mai jela tara da take rikiɗa ta zama mutum, da matan nan masu ƙararrawa da wuƙaƙe da suke rawa da ganga har abin ya hau kansu, kusan dai 'yan borinmu in kin taɓa gani. Babba mai hankali ya san tatsuniya yake kallo, amma ni bana kunna su yara na zaune, don yaro zai tambaye ki ina kakarsa ta koma kuma fim ɗin ya riga ya bashi amsa. The Guest na 2018 da Revenant na 2023 kuwa ko ke kanki kar ki kalla da dare ke kaɗai in kina da tsoro, waɗannan ba soyayya a ciki, shafar aljanu ce tsagwaronta. Kuma sababbin nan sun fi su Dong Yi sakin jiki wajen sumbata da shan giya, ki riƙe rimot a hannu.

Wanda ya haɗa biyun kuma ya riƙe dokarsa shine Kingdom na Netflix, 2019 da 2020, kashi shida shida, an gama ɗaukarsa tsaf kafin a saki shi yasa babu jan rai. Sarki ya mutu, surukinsa Cho Hak-ju ya sa aka tashe shi da wani tsiro don a ɓoye mutuwar har 'yarsa sarauniya ta haifi namiji, kin ga asalin annobar gawarwaki masu tashi suna cin mutane ma siyasar fada ce. Yadda ta yaɗu kuma yunwa ce, a wani ɗan asibitin talakawa a Dongnae majinyata suna mutuwa da yunwa, wani ya dafa musu gawar yaron da sarkin ya kashe ya ce naman barewa ne, suka sha romo suna godiya. Da abin ya ɓarke manya suka cika jirgin ruwa da kayansu suka bar talakawa a gaɓa. Duk sizin farko mun ɗauka rana gawarwakin suke tsoro, sai a kashin ƙarshe gari ya waye sanyi ya shigo basu kwanta ba, ashe zafi suke gudu, kuma in kin koma baya za ki ga ba'a yi mana ƙarya ko sau ɗaya ba, mu ne muka fahimta a karkace. Aibinsa jini yayi yawa sosai, kar ki kalla kina cin abinci, sannan an bar labarin a buɗe, bayan Ashin of the North na 2021 sai aka yi shiru.

Tunda Dong Yi ya miki daɗi, ki fara da The Red Sleeve, in cikinki zai ɗauka ki bi da Kingdom, Goblin kuma ki karɓa a wayar ƙawayen naki tunda suna da shi, ba sai kin saka data ba. In kina son dariya ki nemi Mr. Queen, kashi 20, wani kuku ne na wannan zamanin ya farka a jikin matar Sarki Cheoljong, amma shi ma sai da masu shi suka bada haƙuri saboda wata magana da aka yi a ciki ta raina kundin tarihin nan da na faɗa miki.