Mai shagon bindiga ya ƙi sayar mini, abokin aikina kuma ya ce in kawo kuɗi kawai

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata shida a Houston ta jihar Teksas, ina da katin zama na dindindin, sana'ata tuƙin babbar mota. Nakan yi kwana huɗu ko biyar a hanya, iyali su kaɗai a gida, ga shi kwanan nan an fasa gidan maƙwabcinmu. Na je shagon bindiga tare da ƙanena da ke jami'a da bizar ɗalibai. Shi ya nuna wadda za mu ɗauka, muna ta shawara da Hausa. Da aka zo biya kuɗina bai cika ba, sai ya zaro katinsa zai cika mini. Nan take mai shagon ya mayar da bindigar cikin gilashi, ya ce yau babu ciniki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wariya ce ko me? Yanzu wani abokin aikina ya ce zai sayar mini da tasa dala 400, babu fom babu bincike. Wannan ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare iyali. Ba zan ce maka babu wariya a shagunan bindiga na Amurka ba. A 2015 wani mai shago a Fulorida ya fito fili ya ce shagonsa ba na Musulmi ba ne, har ƙungiyar CAIR mai kare haƙƙin Musulmin Amurka ta kai shi kotu. Ana samun irin waɗannan. Amma labarin da ka ba ni, ko Bature ɗan asalin Teksas ne ya shiga da ƙanensa suka yi abin da kuka yi, da shi ma haka zai fito hannu rabbana.

Ka tsaya a bayan kanta ka kalli kanku da idon mutumin. Mutum biyu sun shigo. Ɗaya ne ke nuna kaya da yatsa, shi ne ke tambaya, ɗayan kuma shi zai cika takarda. Suna magana da harshen da mai shago ba ya ji. An zo biya, wanda ba zai sa hannu ba ya zaro kati. A wajen duk mai lasisin sayar da bindiga wannan hoto yana da suna guda: sayen ɗan aike, wato mai tsabtataccen suna ya cika takarda, bindigar kuma ta wani ce. Ma'aikatan shago ana koya musu alamomin nan kamar karatu, kuma kun haɗa kusan dukkansu cikin minti goma ba tare da kun sani ba.

Dalilin tsoronsa shi ne takardar da ake kira fom 4473, wadda ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ta wajabta a kan duk shago mai lasisin gwamnatin tarayya. Tambaya ta farko a jerin tambayoyin eh ko a'a ita ce: kai ne ainihin mai saye? Ana ganin tambayar kamar wasa, amma ta kai wani tsohon ɗan sanda, Bruce Abramski, har Kotun Ƙoli. Ya sayi fistol ƙirar Glock a jihar Bajiniya don kawunsa, da kuɗin kawun, saboda yana sa ran rangwamen da ake yi wa 'yan sanda. Kawun nan ba mai laifi ba ne, shi ma da ya je shago da an sayar masa. Duk da haka a 2014 alƙalai biyar cikin tara suka ce ƙarya a fom ƙarya ce, hukuncinsa ya tabbata. Daga 2022 kuma aka yi wa sayen ɗan aike doka tasa ta kansa, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 15. Shi mai shagon, lasisinsa ne abincinsa, kuma babu dokar da ta tilasta masa sayarwa idan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ribar bindiga ɗaya ba ta kai ya yi caca da shagonsa ba.

Abin da bai sani ba, wanda ni ya fi tayar mini da hankali, shi ne matsayin ƙanenka. Kai mai katin dindindin dokar tarayya ta ba ka damar saye kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, an haramta masa mallakar bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da doka ta lissafa, mafi shahara a ciki shi ne riƙe ingantaccen lasisin farauta daga wata jiha. Kuma haramcin bai tsaya ga saye ba, har riƙewa. Wani ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Hamid Rehaif, an kore shi daga jami'a a Fulorida, izinin zamansa ya faɗi, ya je filin koyon harbi ya harba bindiga. Aka kama shi, aka yanke masa wata 18. Kotun Ƙoli ta waiwayi shari'ar a 2019, ta ce sai gwamnati ta tabbatar ya san matsayinsa ya hana shi, amma kafin nan ya riga ya sha wahalar da ya sha. Da katin ƙanenka ya shiga cinikin nan, da akwai rasit mai nuna kuɗin ɗan biza a cikin sayen bindiga. Mutumin da ya ɓata maka rai ya raba ku da wannan rasit.

Idan ka koma, ka koma kai kaɗai, da kuɗinka, da lasisin tuƙi mai adireshin da kake zaune yanzu, da katinka na dindindin, don za a nemi lambar da ke jiki. Za ka cika fom ɗin, mai shago ya tura bayananka ga tsarin bincike na FBI da ake kira NICS, wanda ya fara aiki a Nuwamban 1998 bisa dokar Brady ta 1993. Amsa uku ce: a sayar, a dakata, ko kada a sayar. Yawanci cikin mintoci ake gamawa, amma waɗanda ba haifaffun ƙasar ba sun fi cin karo da "a dakata", domin sai an leƙa bayanan shige da fice. Kada ka ɗauke shi cin fuska. Idan kwana uku na aiki suka wuce FBI ba ta ce komai ba, doka ta yarda shago ya miƙa kaya, sai dai shaguna da yawa ba sa yi, musamman tun 2015 da wanda ya kashe mutum tara a wani coci a Charleston ya sami bindigarsa ta wannan ƙofa. Teksas ba ta da kwanakin jira na dole. Da a Kalifoniya kake, ko bincike ya fito da kyau sai ka yi kwana goma.

Tambayoyin fom ɗin ka karanta su a natse. Akwai ta babban laifi, akwai ta dukan iyali, akwai ta shan miyagun ƙwayoyi, kuma wiwi na ciki ko da jihar da mutum yake ta halatta shi. Wannan tambayar ce ta kama Hunter Biden, ɗan shugaban ƙasa mai ci a lokacin, aka same shi da laifi a Yunin 2024 kafin mahaifinsa ya yi masa afuwa. Kai ba ka da uba a fadar gwamnati.

Wani abu da ba a rubuta a ko'ina ba amma yana sauya yadda za a karɓe ka: ladabin tsayawa a kantar shago. Ka lura, idan ma'aikaci zai miƙo maka fistol sai ya cire gidan harsashi, ya ja saman baya, ya leƙa, sannan ya ba ka. Kai ma ana so ka leƙa da kanka. Yatsanka ya kwanta a gefe, kada ya shiga wajen kunama. Bakin bindiga ya kalli ƙasa ko bangon da aka nuna maka, kada ya ratsa cikin kowa, ko da ka ga babu harsashi da idonka. Na sha ganin fuskar ma'aikaci ta canja a daƙiƙa ɗaya don baƙo ya juya yana magana, bakin bindiga na bin ƙirjin mutane. Kuma ka faɗa masa gaskiya cewa wannan ce ta farko, don tsaron gida kake so. Shagon kirki zai zauna da kai ya tambaye ka waye zai riƙe, akwai yara ko babu. Wanda ya hau yi maka ba'a ko ya tura maka mafi tsada, fita ka bar shi, shagunan bindiga a Houston ba su da iyaka.

To, batun abokin aikinka. Amsar a taƙaice: a Teksas ya halatta. Dokar tarayya ta ɗora wajibcin fom da bincike ne a kan masu lasisi. Mutumin da ba sana'arsa ba ce, yana da bindiga yana so ya rabu da ita, zai iya sayar wa mazaunin jiharsu hannu da hannu, muddin bai sani ba kuma ba shi da dalilin zaton cewa mai sayen haramtacce ne. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya da Niyok da Kolorado da Washintan, sun toshe wannan, sun ce ko tsakanin abokai sai an yi bincike. Teksas ba ta cikinsu.

Sai dai halascin yana da iyakoki da mutane ke takawa ba su sani ba, kuma direba irinka ya fi kowa kusa da na farko. Dole ku biyun ku zama mazauna jiha ɗaya. Idan abokin nan a Luwiziyana ko Oklahoma yake zaune, kuka haɗu a wurin hutawar manyan motoci ya miƙo maka, ku duka kun karya dokar tarayya. Cinikin da ya tsallake iyakar jiha sai ta hannun mai lasisi. Na biyu, ka tambayi kanka ko wannan ce kaɗai yake sayarwa. Mutumin da kullum yana da "wata guda" a but ɗin mota, yana saye yana sayarwa don riba, dillali ne marar lasisi, kuma irinsu ATF ke bi. A 2019 wanda ya harbe mutum bakwai har lahira tsakanin garuruwan Midland da Odessa, nan cikin Teksas, ya taɓa faɗuwa binciken shago a 2014, sai ya sayi bindigarsa a hannun wani mutum. Wanda ya sayar masa ya ci shekara biyu a kurkuku saboda sana'ar bindiga ba lasisi.

Abin da ya sa ba na son wannan hanya ga baƙo shi ne, kana kallon "babu takarda" a matsayin sauƙi, alhali kallon kitse kake yi wa rogo. Bindiga tana da tarihi, lambar jikinta ce ke riƙe da shi. Idan aka tsince ta a wurin laifi, ATF na bin sawu daga masana'anta zuwa shagon farko zuwa mai saye na farko, daga nan sai baki da baki. Idan ta sata ce, ko an taɓa aikata wani abu da ita, ranar da ɗan sanda ya duba lambar a hannunka za a same ta, kuma ba ka da ko ƙyallen takarda da zai nuna yaushe ta zo gare ka. Ɗan ƙasa zai ɗauki lauya, ya sha wahala, ya koma gida. Mai katin dindindin kuwa, samunsa da laifin da ya shafi bindiga yana cikin dalilan da dokar shige da fice ta ambata ƙarara na korar mutum daga ƙasar. Shekara shidan da ka yi, da neman zama ɗan ƙasa da ke gabanka, duk suna kan teburin saboda rangwamen dala ɗari ko ɗari biyu.

Idan bindigar abokin naka ta kwanta maka, akwai hanya mai sauƙi. Ku je shago mai lasisi tare, ku ce kuna so a yi muku canjin hannu. Zai karɓi bindigar, ya shigar da ita littafinsa, ka cika fom, a yi bincike, ku biya 'yan daloli na aikin. Ka ba abokin wannan shawara ka dubi fuskarsa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, don shi ma yana so sunansa ya fita daga kanta. Idan ya fara kame-kame, ko ka ga an kankare lambar jikinta, kada ma ka taɓa ta, riƙe bindiga mai gogaggiyar lamba laifi ne shi kaɗai.

Kafin ka kawo ta gida, ku zauna da uwargida, tunda ita za a bari da ita. Idan matsayinta na zama irin naka ne, ta je ta koyi harbi a wajen malami, bindigar da ba ta iya sarrafawa ba ba za ta tsare ta da komai ba. Ka tambayi kamfaninku kafin ka ɗauke ta a mota, da yawa sun hana, ga dokar kowace jiha da za ka ratsa daban. Idan kuma ƙanenka yana kwana a gidan, ko yana zuwa hutu, ka sayi akwatin ƙarfe mai kulle rana ɗaya da bindigar. A idon doka, wanda ya san inda bindiga take kuma yana da ikon buɗewa ya ɗauka ana iya lissafa shi cikin masu riƙe da ita. Kada ya san lambar akwatin, kada kuma ka tafi da shi filin harbi sai kun ga lauyan shige da fice ya duba takardunsa.