Me ya sa maganin hana istirojin ya daina aiki a kan sankarar mama?

Tambaya: Likita, yayata ta shekara uku tana shan letrozole bayan tiyatar sankarar mama. Yanzu cutar ta dawo mata a ƙashi, an ce wai an ga sauyi a wata ƙwayar gado mai suna ESR1. Gado ta yi? Ni ma ina cikin haɗari ke nan?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya. Malama, kwantar da hankalinki, wannan sauyin a cikin ƙarin yake faruwa, ba a gadonsa.

Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama da istirojin, wato sinadarin halittar mata, take girma. ESR1 ce ke ƙera makarɓar da sinadarin ke maƙalewa, kamar makulli da kwaɗo. Da zarar ya maƙale, sai makarɓar ta tayar da wasu ƙwayoyin gado masu sa girma, MYC da CCND1, ƙwayoyin ƙarin su shiga hayayyafa. Shi letrozole, miligiram 2.5 a rana, ba ya taɓa makarɓar, hana jiki samar da istirojin kawai yake yi. Yau da gobe, ƙwayoyin da ke tsira su ne waɗanda makarɓarsu ta rikiɗa ta zauna a buɗe ko babu istirojin. Sauye-sauyen ESR1 da ake kira Y537S da D538G su aka fi gani. Da wuya a same su a ƙarin farko, amma ana ganinsu a kashi 20 zuwa 40 na matan da cutarsu ta bazu bayan shan irin wannan magani. Shi ya sa tsohon naman da aka cire a tiyata galibi ba zai nuna sauyin ba, jini ake ɗiba a gwada.

Komawa kan anastrozole, wani maganin hana istirojin irin letrozole, a ganina, ɓata lokaci ne, tunda aikinsu ɗaya. Makarɓar ake so a lalata: allurar fulvestrant, miligiram 500 a rana ta 1 da ta 15 da ta 29 sannan wata-wata, ko ƙwayar elacestrant da Amurka ta amince da ita a 2023. A kuma duba wata ƙwayar gado, PIK3CA, wadda ke sauyawa a kusan kashi 40 na irin wannan sankara tana buɗe wa ƙarin wata hanyar girma. Likitanta ne zai zaɓa bisa sakamakon.

Manyan sauye-sauyen da ake gada su ne na ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2. Sankarar BRCA1 galibi ba ta da makarɓar istirojin, ta BRCA2 kuwa tana da ita. Idan yayarki ta kamu kafin shekara 50, ko an taɓa sankarar ƙwan mace a danginku, a fara yi mata gwajin BRCA kafin ke.