Tambaya da Amsa: Wahalar da ke gina mutum da wadda ke kwantar da shi

Mai horar da 'yan wasa da ma'aikacin lafiya mai kula da raunin 'yan wasa a Sakkwato ne suka amsa wasiƙun wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Shekarata 21, ina shirin neman shiga soja. Abokaina sun ce in ina son zuciyata ta yi tauri kafin a kai mu Defo, wurin horar da sababbin sojoji a Zariya, in riƙa gudu da tsakar rana sanye da rigar sanyi, kuma kada in sha ruwa. Kwana huɗu ina gwadawa, ko minti goma ba na kaiwa sai jiri ya ɗebe ni. Ragwanci ne?
Wani matashi daga Mabera

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ba rago ba ne kai, shawarar ce gurguwa. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma mai gudu a cikinsa yakan zubar da zufa lita 1 zuwa 2 a awa guda. Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata, rigar sanyi kuwa ta hana ta bushewa. Ƙishirwa ta rage ruwan jini, zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓin, jinin da ke isa kai ya ragu. Jirin ke nan. Jiki ba ya sabawa da rashin ruwa ko shekara ka yi kana hana shi. Zafi yake iya sabawa da shi, a hankali, cikin kwana 10 zuwa 14, shi ma da ruwa a ciki.

Ka koma fita bayan sallar asuba, sau uku a mako. Makonni biyun farko: gudu minti 2, tafiya minti 1, har ka cika minti 24. Daga nan ka riƙa rage tafiyar, kuma ƙarin da za ka yi a mako kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Mako na huɗu ka sassauta, domin a lokacin hutu ne tsoka da ƙashi ke ginuwa.

In ka kai minti 30 ba tsayawa, sai ka ware rana ɗaya tak a mako ta shan wuya: mita 400 da sauri, hutun daƙiƙa 90, sau shida. Huɗun farko na ƙafa ne, na biyar da na shida su ne na zuciya. A nan wata murya ke cewa "ya isa haka, gobe ka rama". Maganinta shi ne ka yanke adadin tun daga gida, kada ka buɗe ciniki da kanka kana haki. Kada ka tuna abin da ya rage gaba ɗaya, ka sa ido kan turken lantarki na gaba ko waccan bishiyar dogon yaro, in ka kai ka zaɓi wani. Ka saki kafaɗu da haƙora, ka riƙe kalma guda kana maimaitawa, ko "saura kaɗan" ce.

Muryar nan daga ƙwaƙwalwa take, ita kuwa takan riga tsoka gajiya. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya sun gajiyar da ƙwaƙwalwar mutane da aikin kwamfuta na minti 90, sannan suka ɗora su kan keken motsa jiki. Sun sauka da wuri da kusan kashi 15 cikin 100 in aka kwatanta da ranar da ba a gajiyar da ƙwaƙwalwarsu ba, alhali bugun zuciyarsu bai bambanta ba. Saboda haka a rage raba dare kan waya, a nemi barcin awa 7 zuwa 9.

Amma akwai ciwon da ba a yi masa jarumta. Haki, nauyin ƙafa da tsamin jiki na kwana biyu duk a daure. Ciwo a wuri guda kan ƙashin ƙwauri, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya kuma yake ƙaruwa in ka taka, yana iya zama tsagewar ƙashi. Fitsari kalar baƙin shayi bayan horo mai tsanani alamar rugujewar tsoka ce, tana iya taɓa ƙoda, asibiti ake zuwa a ranar. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a rana, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin a samo mota. Ka kuma san nau'in jininka ta gwajin sikila. Mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa, yana iya horo, sai dai zafi da ƙishirwa da gudun ba-zata sun fi yi masa haɗari. Tramadol da wasu ke haɗiya don kada su ji ciwo kuwa, toshe bakin mai gargaɗi ne kawai.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 15 ne, duk abin da ya fara sai ya watsar. Babansa ya ce a kai shi inda za a ba shi gwale-gwale da tsallen kwaɗo ya yi hankali. Ya kuka gani?
Wata uwa daga Runjin Sambo

Amsa: Hajiya, a yi wa Alhaji bayani cikin lalama. Wahalar da aka ɗora wa yaro a matsayin horo tana koya masa gudun mai horon ne, da ya ba da baya shi ke nan. Ko a shaɗi, saurayin Bafulatani da ƙafarsa yake shiga fili, ya san abin da ya kai shi.

A bar shi ya zaɓi abu ɗaya da kansa: kokawa, ƙwallo, ɗinki, gyaran waya ko hadda. A yi yarjejeniya ta mako shida, da rana da lokaci tsayayyu. Yana da damar bari in wa'adin ya cika, amma ba ranar da aka kayar da shi ko maigida ya yi masa faɗa ba. A manna takarda a bango yana sa alama duk ranar da ya je. Inda iyaye mata kan ɓata aikin shi ne mako na biyu zuwa na uku, lokacin da ɗoki ya wuce, gwaninta ba ta zo ba, tausayi ya sa a ce "yau dai huta". In ya fashe rana ɗaya ba komai, kada dai ta zama biyu a jere. In kuma an ga ya daina cin abinci, ya janye daga abokai fiye da mako biyu, a fara kai shi likita ya duba shi.

Tambaya: Da azumi in ci gaba da horo ko in dakata?
Wani ɗan kokawa daga Wamakko

Amsa: Ci gaba, ɗan'uwa, amma ka rage kusan rabi. Mai sauƙi a yi shi minti 30 kafin shan ruwa, mai nauyi a bari sai bayan asham. Ka hau sikeli kafin horo da bayansa: duk kilo 1 da ya ragu ka mayar da ruwa lita ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi har sahur. In zufar ta yi yawa, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.