Intanet ɗina ba ƙarfi: in sauya kamfanin da ke turo min farashin kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cinikin hannayen jarin Amurka, amma intanet ɗina bai wuce megabit 1 a daƙiƙa ba. Ina so in bar kamfanin da ke turo min farashi, in koma wani da aka ce ya fi sauri. Layina zai ɗauka kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, wannan "ya fi sauri" ɗin shi ne abin tsoro. Galibi abin da ake nufi shi ne kamfanin na turo kowane motsin farashi, komai ƙanƙantarsa, kamar yadda IQFeed ke yi. Wasu kuwa dunƙulewa suke yi. Interactive Brokers, alal misali, sau huɗu a daƙiƙa yake sabunta farashin hannun jari a tsarinsa na yau da kullum.

Mu ɗan yi lissafi. A ce kana bibiyar hannayen jari 50, kowane saƙon farashi bayit 100 (bayit ɗaya bit 8 ne). Sau huɗu a daƙiƙa, kilobit 160 ke nan, layinka ko gezau. Amma in kowanne ya motsa sau 30 a daƙiƙa, an kai megabit 1.2, an wuce ƙarfinka. Irin wannan ambaliya kuwa da ƙarfe 9:30 na safe agogon New York take zuwa, lokacin buɗe kasuwa, sai kuma dab da tashi ƙarfe 4:00.

Abin da ya fi muni, idan layi ya cushe saƙonnin ba ɓacewa suke yi ba, jerin gwano suke yi. Lambobi na ta rawa a allonka, kana zaton komai lafiya, alhali farashin daƙiƙa goma da suka wuce kake kallo. Gara layin ya yanke gaba ɗaya, ko ba komai ka san ka makance.

Don haka kafin ka biya, tambaye su ko suna dunƙule saƙonni tun daga wajensu. Tacewar da manhajarka ke yi ba ta rage komai, kayan sun riga sun bi ta layin. Ka tsaya a matakin farko na bayanan kasuwa, wato farashin saye da na sayarwa da cinikin ƙarshe. Mataki na biyu mai nuna jerin masu tayi cin layi gare shi.

Kada ka rufe tsohon tukuna. Ɗauki hannayen jari biyar ka gwada su a sabon na mako guda, a lokacin buɗe kasuwa, kana kwatanta lokacin da ke jikin saƙo da agogon kwamfutarka (ka fara saita agogon, mutane kan manta da wannan). Tarihin farashi kuma sai kasuwa ta tashi za ka sauke shi. Ka duba gajerun sunayen hannayen jari ma: hannun jarin kamfanin Berkshire Hathaway da wani ke rubutawa BRK.B, Yahoo Finance BRK-B yake rubuta shi, kuma wannan ɗan ɗigon ya isa ya bar maka allo fayau.